Mai Ido Uku a Cikin Safa

"Kowa ya kwanta!"

Rana tsaka, shagon wayoyi cike da mutane. Oga, shugaban ƙungiyar, ya tare ƙofa da bindiga. Guntu ya fasa gilashin kanta — tas! — yana ɗura sababbin wayoyi a buhu. Aikin Dogo shi ne karɓe wayoyin masu sayayya, kada wani ya kira 'yan sanda.

Nan idonsa ya faɗa kan ta wata hajiya. Mai ido uku, wato kyamara uku a baya, ruwan zinare. Shi kuwa tasa da kyauro yake ɗaure ta, har ƙannen matarsa suna kiranta marainiya. Dokar Oga guda ce: wayar da ke da mai ita, a watsa ta kwata, wanda ya ɓoye, harsashi.

Dogo ya danna maɓallin gefe, fuskar ta yi baƙi. Shi a ganinsa ta mutu ke nan. Ya cusa ta a safa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Suna ficewa hajiyar ta miƙe tana karkaɗe mayafi. "Yallaɓai, a kira maigidana," ta ce wa sufeton da ya iso. "Duk inda wayar nan take, yana ganinta a tasa."

Maɓoyarsu ɗakin ajiyar siminti ne, ƙofa ɗaya, ba taga. Oga ya zauna jingine da ƙofar, bindiga a cinya. Sai Dogo ya ji abu yana motsi a idon sawunsa. Wayar ce. In ya fito da ita, ga Oga. In ya bar ta, ga 'yan sanda.

"Mutumina, wannan gumin fa?" in ji Guntu.

"Zafi ne."

"Oga, bari in zaga," Dogo ya ce.

"Ba mai fita. Ga galan can."

Sai wayar ta ɗau ƙara, siririya, ba tsayawa. A waje motoci suka ci birki.

"Oga, wallahi na kashe ta."

"Ka kashe ta?" Oga ya ce a hankali. "Mu dai ka kashe."

Ya saita safar — tau! Ƙofa ta ɓalle, 'yan sanda suka buɗe wuta. Guntu bai kai bakinta ba. Oga ma a kan buhunan siminti ya cika.

Dogo ya farka a asibiti, hannu ɗaure da ƙarfen gado, ƙafar dama babu daga gwiwa. Abin da ya fara tambayar ɗan sandan da ke gadinsa, wayar.

"Tana hannun mai ita," in ji shi. "Ko ƙwarzane ba ta yi ba."