Baƙon da Yaya Ya Ce Wa Shigo

Yayana, mai kiran kansa injiniya don ya taɓa gyara rediyo, shi ya saka wa intanet ɗin gidanmu katangar tsaro. Daren da zan gana da likitan Inna ta bidiyo, katangar ta hana kiran shigowa.

"Matsa, wannan ba aikin yara ba ne," in ji shi. Ya yi ta latse-latse yana gumi. Da abin ya gagare shi sai ya kashe katangar ɗungurungum. Su injiniya manya!

Nan take wani ya nemi shiga kiran. Muryarsa ta yi sallama, kamar daga cikin randa.

"Yaya, tambayi ko wane ne."

"Likita ne mana! Bismillah, shigo."

Wani tsoho ya bayyana a fuskar kwamfutar, ba ya ƙifta ido. Falon ya ɗauki warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Na gode, ɗana. Na daɗe a waje."

Yaya ya fizge wayar intanet, hoton bai ɗauke ba. Sai na lura da labulen da ke bayan tsohon, mai tabon ƙuna a gefe. Ni na ƙona shi da dutsen guga, kuma a bayanmu yake rataye.

Injiniya ya raɗa mini, "Ke fara waiwayawa."