Jakar Robar Laftanar Zulaiha

Ranar wata Asabar ce a shekarar 2006, ruwa na ta tsuga a unguwar Liwan, irin ruwan Guangzhou da ba ya sallama kafin ya sauko. Hajiya Habsatou na zaune bisa darduma a falon ɗanta Suleiman, dilolin leshi da labulen da ta saro za ta kai Kano sun kewaye ta. Amma hankalinta ba ya kan kaya, yana kan hannun surukarta Zulaiha.

Zulaiha ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye mata shayi, ta koma kicin. Ko da tana juya miya da dama, hagunta na riƙe da wata baƙar jakar roba mai kama da ƙwallon da ya sace. Ta matsa, ta saki, ta matsa, ta saki, leɓɓanta na motsi a hankali: "Yi... ar... san..."

Hajiya ta yafito ɗanta. "Kai, Suleimanu! Ka ji ko? Ta fara surkullen."

"Haba Hajiya, ƙirga ce fa da Sinanci. Ɗaya, biyu, uku. Firaktis ne na aikinsu."

"Firaktis ɗin me?"

Suleiman ya sosa ƙeya. Gaskiyar magana shi ma bai taɓa tambaya ba. Tambaye shi farashin takalma a kasuwar Liuhua ko ranar tashin kago daga filin jirgin Baiyun, zai faɗa maka yana barci. Aikin matarsa kuwa, iyakar saninsa allurar barci take ba mutane kafin a yi musu tiyata.

"Ka gani!" in ji Hajiya. "Tana matsawa kana cewa to. Zuciyarka ce a cikin jakar nan, ɗan nan, an mallake ka! Shekara uku da aure ba ko ɓari, mace tana kwana a bariki, kai kana nan kana dafa indomi kamar gwauro. Wannan aure ne?"

Zulaiha dai laftanar ce a sojan Nijeriya, kuma nas. Kos ɗin da ya kawo ta wani asibitin sojoji na birnin ba na kowa da kowa ba ne. Sai mai kaki, sai wanda ya yi shekaru a ɗakin marasa lafiyar da ke tsakanin rai da mutuwa, sai wanda bai wuce shekarun da aka yanke ba. Farar hula ko ɗan wane ne ba ya shiga. Wanda kuma ya fita a tsakiya, ya fita ke nan har abada. Da sunanta ya fito, ita da Suleiman har sujadar godiya suka yi, don dama a nan yake kasuwanci. Ba su san gwaji na tafe ba.

Hajiya ta ɗaga murya yadda za a ji a kicin. "Biyu ce. Ko ta tuɓe kakin nan ta bi ni Kano, ko ka sawwaƙe mata. Ni na haife ka, ba soja ba!"

Da la'asar Suleiman ya tarar da Zulaiha a ɗaki tana ninke kakinta, hawaye na ɗiga a kan wuyan rigar. Tausayinta ya kama shi har ya rasa ta inda zai fara.

"Zuly, sori... kin ji abin da ta ce?"

"Na ji."

"To ki yi mata bayani mana!"

"In buɗe baki in yi musu da mahaifiyarka? Ba a koya mini haka a gidanmu ba." Ta share ido. "Ina son aikin nan, Suleiman, Allah ya sani. Kai ma ina son ka. Abin da ka yanke shi zan bi, amma don Allah kar ka sa ni in zaɓa da bakina."

Ya fita baranda ya tsaya yana kallon ruwa. Uwa dai ba a canza ta, mace irin Zulaiha kuma ba a tsintar ta a kasuwa. Ya ji duniyar ta yi masa ƙunci.

Ran Litinin da hantsi Hajiya ta yafa mayafi. "Kai ni wurin ubangidan nata. Ni da kaina zan karɓo ta."

A ƙofar asibitin wani soja ya tare su yana kaɗa hannu, yana cewa babu shiga da yarensu. "Meyo! Meyo!" Hajiya ta harare shi. "Meyon ƙaniyarka! Ɗiyar mutane na zo ɗauka." Sai da Suleiman ya yi ta lallashi da guntun Sinancinsa na kasuwa kafin aka buga waya ciki. Can wata dattijuwa siririya mai furfura ta fito, aka ce ita ce Kanar Liang, shugabar kos ɗin. Hajiya ta dube ta sama da ƙasa. Ashe ubangidan ma mace ce!

Kanar ta saurari Suleiman har ya gama, sannan ta yi magana a hankali, shi kuma yana fassarawa.

"Ta ce Zulaiha na ɗakin tiyata. Ta ce ko janar ne ya zo ba ya kiran mai ba da barci daga kan mara lafiya. Amma akwai inda ɗalibai ke tsayawa su kalla ta gilashi. Mu zo mu gani, in an gama sai mu yi maganar tafiya."

Aka ba su riguna da huluna, suka hau bene. Suka leƙa ƙasa ta gilashin. Ɗaki ne fari fat, fitilu kamar rana tsaka, mutane cikin korayen kaya ba mai ko tari. A kan gadon wata yarinya ce 'yar Sin, ba za ta wuce shekara shida ba, kwance kamar gawa. A wajen kanta mace ɗaya ke zaune. Ido kawai ake gani, amma Suleiman ya san idon matarsa ko a cikin dubu.

"Inna lillahi! Ta mutu ne?" Hajiya ta damƙe hannun ɗanta.

Kanar ta yi bayani, Suleiman ya fassara. "Ta ce maganin da aka ba ta ya kwantar da komai na jikinta, har numfashi. Ba ta iya shaƙar iska da kanta. A asibitin gari inji ke yi mata. Amma soja na iya samun kansa a tanti, a daji, ba wuta ba inji, shi ya sa dole kowannensu ya iya yi da hannu. Ga injin can a gefe, ga malami a bayanta, amma yau hannunta ne ke aiki."

Sai a lokacin suka lura. Jakar roba ce a hannun Zulaiha, da bututu ya tafi har bakin yarinyar. Ta matsa — ƙirjin yarinyar ya tashi. Ta saki — ya sauka. Ta matsa, ya tashi.

Suleiman ya ƙura wa matarsa ido. Matar da yake wa tsiya kan ta cika gishiri a miya, ita ce zaune can da numfashin 'yar wani a tafin hannunta!

"Idan ta daina fa?" Hajiya ta tambaya da raɗa.

"Ba ta dainawa, Hajiya."

Aka daɗe. Ƙafafun Hajiya suka gaji, aka kawo kujera ta ƙi zama. Likitoci na yanka suna ɗinki, gumi ya jiƙa hular Zulaiha, amma hannun nan bai yi sauri ba, bai yi jinkiri ba, idonta bai bar fuskar yarinyar ba. Hajiya ta ciro carbi, sai ga shi tana ja daidai da matsawar. "Subhanallahi... Subhanallahi... Allah mai iko! Kai ke rayawa, amma dubi hannun da ka ba aron aikin."

Da aka gama ɗinki, Zulaiha ta sassauta, ta sunkuya tana kiran sunan yarinyar a kunne. Shiru. Hajiya ta daina jan carbi. Sai ƙirjin ya motsa shi kaɗai, ya sake motsawa. Aka zare bututun, yarinyar ta yi tari, ta tsala kuka tana kiran uwarta.

"Allahu akbar!" Hajiya ta fashe da kuka, ta manta a ƙasar wa take. Suleiman ma bai ɓoye nasa ba.

Sai da Zulaiha ta raka yarinyar ɗakin farfaɗowa ta miƙa ta hannun wata nas, sannan ta fito. Tana ganin surukarta a baranda ta zube ƙasa da kayan aikinta.

"Hajiya, sannu da zuwa. Bari in haɗo kayana."

"Kayan me? Tashi!" Hajiya ta ɗago ta da hannu biyu. "Ba inda za ki sai kin gama. Jikoki kuma na Allah ne, in ya kawo muna so." Sannan ta ce, "Ɗiyata, duk abin da na faɗa a kanki kin ji?"

"Na ji, Hajiya."

"Kina da wannan a hannunki, kika yi shiru?"

Zulaiha ta sunkuyar da kai. "Ke kika haifa mini Suleiman."

Hajiya ta rungume ta tana kuka. "Ki yafe wa tsohuwa. Na yi miki zaton da bai dace ba."

Bayan shekara Zulaiha ta kammala, kuma Hajiya Habsatou ce a sahun gaba ranar yaye su, tana rangaɗa guɗa har Sinawa na waiwaye. To, 'yan uwa mata da maza, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma abin da ba ka sani ba, tambaya ta fi hukunci. Da Zulaiha ta mayar wa surukarta magana ranar Asabar ɗin nan, da ta ci gardama ta rasa gida. Ta haɗiye, ta bar wa Allah, sai ya bar mata aikinta, ya bar mata mijinta, ya ƙara mata da uwa. Mahaƙurci mawadaci.