Ɓarawon Judar Maitumbi

Sufeto Lilian Zamani ta shigo ofis da hantsi ta tarar ƙamshin farfesu ya cika ko'ina. A kan teburin Sajan Jamil ga wata ƙatuwar tukunya. A bayan kantar ofishin kuma ga wata mata mai jiki zaune a benci, ta rafka tagumi.

"Sajan, suna aka yi?"

"Sata ce, Madam. An sace juda. Wannan tukunyar shaida ce."

"An sace me?"

Wani saurayi mai tabarau da ɗan gemu ya miƙe. Sunansa Jiya. Ya yi karatu a wata ƙasa ta Asiya, ya dawo da digiri da kuma dabara. A can, in ji shi, akwai wata dabba 'yar uwar juda da ake ba 'ya'yan kofi ta haɗiye. Ƙwayar ta fito ta ɗaya ƙofar, a tsince, a wanke, a soya, masu hali su sha suna lumshe ido. Shi ne ya sayi juda a hannun wani maharbi, ya yi mata keji a gidan da yake haya a Maitumbi, ana aiko masa da 'ya'yan kofi daga Mambila.

"Kashi ke nan," in ji Sufeto.

"Ba kashi ba ne, Madam. Sarrafawa ce ta cikin ciki."

"Ta ina yake fitowa?"

Jiya ya gyara zaman tabaransa.

Ga wanda bai taɓa ganin juda ba, dabbar daji ce da ta fi kyanwa girma, mai dabbare-dabbare da baƙar fuska. Kakanninmu sun daɗe suna tsare ta suna kankare turare daga ƙarƙashin wutsiyarta. Yanzu jikoki sun je jami'a sun dawo, sun matsa zuwa ƙofa ta kusa. Wai shi ne ci gaba.

Matar da ke bayan kantar ita ce Madam Rhoda, mai gidan farfesu a Dutsen Kura. Laifinta, ta taɓa kai wa wata 'yar haya abinci a gidan su Jiya, ta leƙa kejin ta ce, "Wannan da citta da attaruhu, sai dai a ce wani abu." Jiya bai manta ba. Kawunsa babba ne a sakatariya, ya kuma riga ya kira DPO. Umarni ya sauko: gobe a kai ta kotu. Daga kotu kuwa kowa ya san inda ake ajiye wanda ba shi da mai tsaya masa.

Sufeto ta jawo kujera.

"Mama, allon shagonki an rubuta naman daji. Naman me ne a tukunyar nan?"

"Na daji ne, 'yata."

"Wane irin na daji?"

Madam Rhoda ta dubi hagu da dama, ta rage murya. "Akuya ce. Don Allah kada maganar ta fita."

"Akuya kike sayar wa mutane da sunan naman daji?"

"To ai daji take zuwa kiwo."

Sajan Jamil ya yi gyaran murya. "Madam, mun bincika shaidar. Ɗanɗanon bai gama nuna akuya ba. Sai an ƙara bincike."

Sufeto ta ɗaga murfin. Tukunyar ta kai rabi.

"Sajan, duk wanda ya ƙara bincike a tukunyar nan, shi zai raka ta kotu. Ɗauko mota."

Kejin yana bayan gida, kusa da tankin ruwa. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai wuce tabarmar salla ba. Wari ya tare su tun daga lungu. Sufeto ta tsuguna ta ga katakon ƙasan ya siɗe ta gefe ɗaya, ya yi santsi kamar turmin da ya tsufa. A jikin wayar akwai gashi da busasshen jini.

"Me ya cinye katakon nan?"

"Motsa jiki take yi," in ji Jiya. "Tana da kuzari sosai. Tana cikin farin ciki."

"Ita ta gaya maka?"

Ta kama kwaɗon ƙofar ta ja. A kulle yake gam.

"Kai ka kulle bayan ka ga babu ita?"

"Ban taɓa komai ba. Haka na same shi."

"Makulli fa?"

"Ni kaɗai nake da shi."

Sufeto ta sake leƙawa. An share cikin kejin fes. An wanke kwanon ruwa an kife. Buhun da dabbar ke kwanciya a kai an ninke shi an ajiye a kusurwa.

"Sajan, ka taɓa ganin ɓarawon da ya yi shara?"

"Akwai masu tarbiyya, Madam."

"Ya ɗauki dabba mai cizo a hannu, sannan ya tsaya ya kulle wa iska ƙofa?"

Sajan ya sosa ƙeya.

Ɗakin da ya fi kusa da kejin na wata tela ce, Azumi. Suna shiga ta ce ita ba ta ji komai ba, ba ta ga komai ba, kuma dabbar nan tamkar 'yarta ta ɗauke ta.

"To me ya sa kika toshe tagarki da ƙyallaye?"

Azumi ta ajiye almakashi. "Madam, in faɗi gaskiya? Allah ya saka wa ɓarawon nan da alheri. Saboda warin nan, wata amarya ta dawo min da ɗinki ta ce angon ya tambaye ta ko ta kwana a mayanka. Ga rashin barci. Dabbar ta je ta dawo, ta je ta dawo, har gari ya waye. Jiya ba ya ba ta komai sai 'ya'yan kofin nan, wai kada wani abinci ya ɓata ɗanɗano. Har wutsiyarta ta fara ci."

"Kowa a gidan ya yi ƙorafi?"

"Kowa, ban da mai gidan, Baba Ezekiel. Shi kujera yake ɗaukowa ya zauna gaban kejin ya yi ta kallonta, ba ya cewa uffan. Da farko ma shi ya taimaka. Ya ce kwaɗon Jiya na wasan yara ne, ya ba shi nasa."

Sufeto ta juya ta dubi Jiya.

"Ka ce kai kaɗai kake da makulli."

"Ɗaya ya ba ni."

"A can inda ka yi karatu, da makulli ɗaya ake sayar da kwaɗo?"

Suka sami Baba Ezekiel a gindin mangwaro. Dattijo ne dogo, rigarsa ta sha guga, takalminsa na ƙyalli, alhali ba inda za shi. Sufeto ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, ka ji abin da ya faru."

"Na ji, 'yata. Duniya ta lalace. Ni barci na yi, ban san komai ba."

"Za ka zaga da ni gidan? Ko ta ɓuya a wani wuri."

Ya tashi ya zaro tarin makullai daga ɗamararsa. Ya buɗe sito, ta leƙa, ya rufe, ya kulle, ya ja kwaɗon don ya tabbata. Ya buɗe ɗakin janareto, ya yi haka nan. Suka zo akurkin kaji. Shi ma a kulle.

"Kaji nawa ne a ciki, Baba?"

"Babu. Ciwo ya kwashe su bara."

"To me kake kullewa?"

"Haba 'yata, ai ba a barin ɗaki a buɗe don babu kowa. Ƙa'ida ce. In ka fitar da mutum, ka share, ka ninke bargo, ka kife kwano, ka kul..."

Ya tsaya. Makullan suka daina kaɗawa a hannunsa.

"Wane aiki ka yi kafin ka yi ritaya, Baba?"

"Gandiroba," ya ce a hankali. Sai ya miƙe wuya. "Amma tsafta ba laifi ba ce. Ba ku da shaida."

"Gaskiyarka. To bari mu koma. Dama akwai wadda muka kama."

"Na ga Sajan ya wuce da ita." Ya dubi takalminsa. "Ai za ku ba ta beli zuwa yamma."

"Babu beli. Kotu gobe. Ɗakin masu jiran shari'a kuwa, ka fi ni saninsa."

Dattijon ya koma kujerarsa ya zauna. Can ya ciro wani ɗan makulli daga cikin tarin ya miƙa mata.

"Ni ne. Ku saki matar mutane."

"Baba!" in ji Jiya. "Ni da nake gaishe ka kullum?"

"Yi min shiru, yaro. Rabin rayuwata na yi ina kallon mutane ta tsakanin ƙarfe. Da farko ihu suke yi. Daga nan su daina, su shiga kai da kawo. In ka ga mutum ya fara cizon jikinsa, to ka shirya bargon da za a naɗe shi. Waɗancan dai alƙali ne ya aiko min su. Wannan wa ya yanke mata hukunci? Don wani ya sha shayin kashi?"

"Kofi ne, Baba."

"Ko ma mene ne."

"Ina take yanzu?" Sufeto ta tambaya.

"Na sa ta a wani buhu da asuba, na ɗora a babur, na kai ta bayan duwatsu. Na kwance buhun. Kin san abin da ta yi? Ga daji a gabanta har iyakar gani, ta je daidai tsawon kejin nan ta juyo. Ta je ta juyo. Sai da na cire hulata na jefe ta sannan ta tuna tana da ƙafa."

"Za ta rayu?"

"Ban sani ba, 'yata. Na sallami mutane da yawa. Wasu sun iya waje, wasu ba su iya ba."

Masu labari sun fi so a ce da an buɗe ƙofa shi ke nan, an yi ta murna. Wanda ya riƙe makulli ya fi su sani.

Jiya ya ce lallai a biya shi dabbarsa, ko ya sake kiran kawunsa.

"Kira shi," in ji Sufeto. "Ni ma zan kira ma'aikatan gandun daji su zo su ga katakon nan da jinin nan, su tambaye ka takardar izinin tsare dabbar daji. Kana da ita, ko?"

Jiya ya mayar da wayar aljihu.

Amma sata dai sata ce, kuma an riga an rubuta. Sajan ya fito da ankwa, Sufeto ta harare shi ya mayar. Baba Ezekiel ya shiga mota da ƙafarsa, ya zauna a baya ƙafada a miƙe.

A ofis aka ɗaga katakon kantar, Madam Rhoda ta fito. Da aka gaya mata wanda ya yi, ta tsaya ta ƙare wa dattijon kallo daga sama har ƙasa.

"Baba, ashe kai ne. Kana zaune a gindin mangwaro aka wuce da ni kamar 'yar fashi, ko tari ba ka yi ba. Ka ji tausayin dabba ka fitar da ita, ni ka sa ni a madadinta. Ni ba ni da wutsiya ne?"

Baba Ezekiel ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, 'yar'uwa. Tsoro ne. Na san cikin wurin, shi ya sa."

Ta juya ta ɗauki tukunyarta, ta ji nauyinta, ta dubi Sajan Jamil. Sajan ya shiga duba silin.

Wani kurtun ɗan sanda ya taɓa hannun dattijon, suka nufi ciki. Har sun kai bakin ƙofa Madam Rhoda ta ɗaga murya.

"Kai, Baba! Kada ka ci abincinsu, na ga tukunyarsu. Zan aiko maka da tuwo. Amma ka sani ban yafe ba tukuna."

"Na gode," in ji shi, bai juyo ba. Ya duƙa ya cire takalminsa ya miƙa wa kurtun tun kafin a ce masa, ya shiga.