Makirifo Mai Lamba Biyu

"Tir!"

Auta ta janye soson makirifo daga hancinta. Jiƙe yake sharkaf da yawu, ga warin taba, ga tsamin baki.

"Shinshina da kyau," in ji Baba, yana durƙushe yana manne wayoyi da tef a bakin dandamali. "Bakin mijin da kika zaɓa ke nan."

"Haba Baba..."

"Haba me? Ni ban taɓa zaman aji ba, amma shekara arba'in da biyu ina haɗa sauti. Sau uku lantarki ya kama ni, sau uku ya gaji ya sake ni! A wurin gwaji nake gane mutum. Awa ɗaya mai wuri ya ba mu kafin a buɗe ƙofa, angonki ya cinye minti arba'in yana gwada makirifo, ɗaya-biyu, shi kaɗai. Mai ganga ko sanda bai ɗaga ba. Wanda ya cinye lokacin abokan aikinsa, rayuwar matarsa zai cinye."

Auta ta ajiye soson gefe. Saura kwana tara bikinta da Mawaƙi, kuma da ƙyar da kuka ta samu Baba ya amince.

Sai ga Mawaƙi ya dawo, ya fizgi makirifon ko soso babu.

"Zumata! Hasken idona! Ƙara min murya, ba na jin kaina."

"Sau uku na ƙara, masoyi."

"Ƙara dai!"

Tana taɓa maɓalli lasifika ta ɗauki gurnani. Baba ya ja tsaki.

"Kashe duka, ki bi layi ɗaya-ɗaya da kunne. Yadda na koya miki."

Ta kashe lasifikun, zauren ya yi tsit. Mawaƙi ya shige bayan labule da makirifon a hannu, 'yar amshinsa ta bi shi. Auta ta ɗora abin ji a kunne.

Layi na ɗaya, shiru.

Layi na biyu...

"An kashe?" Muryar 'yar amshi ce, raɗau.

Ƙwas! Ƙwas! Mawaƙi ya ƙwanƙwasa kan makirifon.

"A mace yake. Kin ji wani abu ya fito?"

"To yaushe za ka gaya mata?"

"Bari a yi bikin tukuna, zumata. In ta shiga ɗakina, kayan sautin tsohon nan sun zama nawa. Sai na ga mai hana ni gwaji."

Zumata!

'Yar amshi ma zuma ce ashe. Auta ta ji dariyarsu, ta ji har ƙarar haɗiyar yawunsa a cikin kunnenta.

Ta zare zoben baikonsu, ta cusa shi cikin jiƙaƙƙen soson, ta hau dandamali ta yaye labulen.

"Ungo."

"Mene ne wannan, hasken..."

"Yawunka ne da zobenka. Shekara shida kana waƙa, ba ka san lasifika kaɗai ake kashewa ba? Makirifo yana ji."

'Yar amshi ta sulale ta bayan ganguna kamar kazar da aka watsa wa ruwa.

"Wallahi wasa nake! Auta, ki tsaya... Baba, ka sa baki!"

"Ni?" Baba ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Ai tsohon nan kayan sauti ne kawai. Mai ganga, saura minti takwas, naka ne duka!"

Ganga ta ɗauka. Auta ta je famfo ta wanke hannu da sabulu, ta sake wankewa, ta koma kujerarta. Gurnanin ma ta gano shi: wayar lamba biyu ce, Mawaƙi ya tattake ta.

Baba ya matso, ya daɗe yana kallonta, ya gyara murya.

"Sau uku lantarki ya..."

"Na sani, Baba." Ta naɗe wayar, ta jefa a kwandon shara. "Ni sau ɗaya ya kama ni. Kuma ban jira ya gaji ba."