Igwa Mai Tayar Roba

Bayan la'asar aka kira Sufeto Abbas: an kashe Alhaji Babaji, tsohon soja, a gidansa da ke Kambarawa. Da motar 'yan sanda ta iso, lungun ya cika. Wani na riƙe da galan na fetur, wasu sun turo taya. Mutum suke jira a ba su, ba bayani ba.

Wanda suke nema na kulle a ɗakin mamacin. Malam Salisu ne, malamin tarihi, abokin wasan Alhaji, yana durƙushe.

Gawar na kwance kusa da wani babban tebur, ƙeyar a fashe. A kan teburin an gina tuddai da kogi da gidaje, ga 'yan sojojin dalma jere, ga ƙananan igwogi.

"Mene ne wannan?" in ji Sufeto.

"Wasan yaƙi ne, Yallaɓai. Mukan sake yaƙe-yaƙen dā a kan tebur, mu jefa ƙwayar ludo. Na zo ne na tarar da shi haka, na yi ihu. Sai suka ce ni ne."

"Wa ya fara cewa kai ne?"

"Lado, shugaban 'yan sintirin unguwa."

Dutse ya faɗo kan kwanon rufin ɗakin. Salisu ya rufe kai da hannu.

Sufeto ya dubi igwogin da ke gefen Alhaji. Duk na tagulla ne masu nauyi, da ƙafafun katako. Guda ɗaya ce kawai kore, mai tayar roba.

"Wannan fa?"

Salisu ya ɗago, ya ƙura mata ido. "Ba wurinta ba ne. Yaƙin nan na zamanin dawakai ne, ita kuwa ta zamanin mota ce. Alhaji yakan yini yana zaɓen igwa ɗaya. Da ya ga wannan a nan, da ya kore ni daga gidan. Ta tsakiyar, babbar tagullar, ita ce babu."

"Ina ake ajiye korayen?"

"Can kan taga. Da safe ya shafa musu fenti."

Sufeto ya taɓa ta. Fentin ya manne a yatsansa. A jerin kan taga kuwa akwai gurbi ɗaya.

Ya sa aka shigo da Lado, dogo, da gora a hannu.

"Ka taɓa shiga ɗakin nan?"

"Ni? Allah shi kiyaye. Ta taga na hango taswirar da ke kan teburin. Yallaɓai, wanga ba wasa ba ne, hanya suke zana wa 'yan bindiga. Sun saɓa kan rabo ne, wancan ya kashe shi. Ku ba mu shi kawai."

"Ajiye gorar. Buɗe hannunka."

Lado ya ƙi buɗewa. Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya murɗe hannun. Tafin a wanke yake tas, amma ƙarƙashin farce kore ne shar.

"Ta taga fenti ya hango ka?"

Aka laluba jakar sintirinsa, aka ciro igwar tagulla naɗe a tsumma, da jini a bakinta.

Sai Lado ya ce, "Ƙanena suka sace a hanyar gona, har yau babu labari. Na ga kogin nan, na ga kamar na ƙauyenmu. Na ce ya faɗa mini wa yake yi wa aiki. Dariya ya yi mini, Yallaɓai. Dariya! Sai na ɗauki igwar na buga masa, na sa wata a gurbin don kar a lura."

"Sannan ka tara jama'a su ƙone wani a madadinka."

Rashin ɗan'uwa ciwo ne, amma bai halatta jinin kowa ba. Mutumin da bai bincika ba ya kashe ɗaya, saura kaɗan ya sa unguwa ta kashe na biyu.

Sufeto ya fito da Lado da ankwa, ya ɗaga igwar sama.

"Ga mai kisan. Kai mai fetur, matso in ga fuskarka."

Babu wanda ya matso. Galan ɗin kaɗai aka bari a tsakiyar hanya.