Kunamar Mai Yatsu Huɗu

Rahoton ya iso ofishin 'yan sanda da hantsi, a bakin wani ɗan acaɓa da ko babur ɗinsa bai tsaya kashewa ba. An harbe mutum a gonar rake bayan Tungar Baushe, kan hanyar Malikanchi zuwa Dandamisa. In ba a yi sauri ba kuma, gawar za ta zama biyu.

Sufeto Safiyanu ya ture kofin shayinsa, ya suri hula. Mutum ne da ba ya son doguwar gaisuwa, shi ya sa ƙauyukan Ikara ba su taɓa ƙaunarsa ba. Shi ma bai taɓa neman su ƙaunace shi ba.

Ya tarar da taro ya rabu biyu. Fulani a gefe guda da sanduna a kafaɗa, manoma da mafarauta a ɗaya gefen. Ya yi sallama, aka amsa a daƙile.

Mamacin saurayi ne makiyayi, sunansa Bobbo, an same shi a ƙirji. Bindigar toka na yashe kusa da shi. A gindin tsamiya an ɗaure wani dattijo tamau, an fasa masa baki. Can gefe kuma wani rago ne a ɗaure, yana cin ganyen rake abinsa.

"Wa ya ɗaure mutumin nan?"

"Mu ne, Yallaɓai. Mun rage maka aiki."

Mai maganar Jumare ne, Sarkin Bakan ƙauyen, shugaban mafarauta. Ƙato ne cikin rigar layu, hannunsa na dama naɗe da tsumma.

"Ban aike ku ba," in ji Sufeto. "Wa ya ga ya yi harbin?"

"Ba sai an gani ba. Dubi kunamar."

Sufeto ya ɗaga bindigar da hankici. Kunamar, ƙarfen da ake ja bindiga ta tashi, ba irin ta kowa ba ce. Doguwa ce, an lanƙwasa ta baya.

"Ko yaro a garin nan ya san ta," in ji Jumare. "Ta Yahuza ce, wannan da muka ɗaure. Yatsansa na nuni ya guntule tun muna samari, da na tsakiya yake harbi. Don hannunsa aka ƙera ta."

Wani Bafulatani ya ɗaga sanda ya ce a ba su Yahuza. Sufeto ya juya ya dube shi ido cikin ido har sandar ta sauka.

"Sajan Musa, kwance tsohon ka sa a mota. Duk wanda ya taɓa shi, tare za su kwana bayan kanta."

Kafin ya tafi ya tsaya gaban wata tsohuwa da ke zaune kusa da gawar, idanunta a bushe. Indo ce, mahaifiyar Bobbo.

"Inna, ragon nan na waye?"

"Ban san shi ba."

"Tun da na zo wajenki yake kallo yana kuka."

Ta dubi ragon. Can ta ce, "Na Bobbo ne. Sau biyu ɓarayi suna kore mana shanu. Ya ce zai sayo abin da zai tsare sauran."

"A hannun wa?"

"Bai faɗa ba. Da kuna tsare mu, da yau ɗana yana kiwo."

Sufeto ya nufi mota. Maganar ta soke shi.

A watan ne umarni ya sauko daga sama: duk mai bindigar toka ya miƙa ta kafin wata ya ƙare, maƙera kuma su daina ƙera kunama. Tun daga ranar teburan masu shayi suka cika da lauyoyi. Wasu suka ce kunama ita kaɗai ai ƙarfe ne kawai, doka ba ta hana riƙe ƙarfe ba. Wasu suka ce har ita an hana. Abin da kowa ya yarda da shi ɗaya ne: bututu ko na famfo ya isa, ƙota kowane masassaƙi ya iya, amma kunama sai gwanin maƙeri. Abin da da ake ba maƙeri tukuicin goro a kai, yanzu rago ake kaiwa.

A ofis Sufeto ya ajiye bindigar gaban Yahuza.

"Taka ce?"

"Kunamar tawa ce. Bindigar ba tawa ba ce."

"Kada ka raina mini hankali, Baba."

"Wallahi na miƙa tawa. Ni na fara miƙawa ma. Sarkin Baka ya ce kowa ya kawo gidansa, shi zai kawo muku a haɗe. Na kai masa da hannuna."

"Me ya haɗa ka da Bobbo?"

"Shanunsu sun taɓa shiga mini dawa, muka yi cacar baki. Shi ke nan."

"Wa ya ƙera kunamar?"

"Lado maƙeri, na Kudan."

"An taɓa yi mata gyara?"

Yahuza ya sunkuyar da kai, ya tura hannun mai yatsu huɗu cikin riga.

"Yadda aka ƙera ta haka take."

Sufeto ya san ƙarya in ya ji ta, bai dai san amfanin wannan ba. Abin da ya sani shi ne, in aka kai fayil ɗin kotu yadda yake, tsohon nan rataya ce ke jiransa. In kuma aka sake shi haka, ba zai kai gida da rai ba.

Ya sa aka buɗe siton da ake ajiye bindigogin da aka miƙa. Buhunan Tungar Baushe na nan a ɗaure yadda Sarkin Baka ya kawo su. Sajan Musa ya farke na farko, ya zaro bindiga ɗaya, ya ja kunamar. Ta fita fit ta biyo yatsansa.

Ƙusa ce. An lanƙwasa ta, an shafa mata baƙin mai, an cusa a ramin.

Suka zazzage sauran. Duk haka suke, gangar jiki ba kayan ciki. A cikinsu akwai wata mai ƙota da ta sha hannu, da laya ja a wuya, wadda Yahuza ya gane tun daga bakin ƙofa.

"Ka ga tawa," ya ce.

"Na gani," in ji Sufeto. "An yi mana wasan yara, mu kuma mun yi godiya."

Washegari suka nufi Kudan ta Makarfi. Maƙerar Lado na bayan kasuwa, cike da fartanya da lauje, kamar mai ita bai taɓa jin sunan bindiga ba. Ya ga kaki bai fasa bugun ƙarfe ba.

"Ka san wannan bindigar?" in ji Sufeto.

"Ni garma nake ƙerawa."

Sufeto ya sa ƙafa ya kifar da wani gwangwani da ke bayan zugazugi. Lanƙwasassun ƙusoshi suka watse a ƙasa, baƙi ƙirin da mai.

"Waɗannan na wace garmar ce?"

Lado ya ajiye guduma.

"Yallaɓai, ƙusa na lanƙwasa. Akwai dokar da ta hana lanƙwasa ƙusa?"

"Akwai wadda ta hana taimaka wa mai kisa. Wa ya sa ka?"

"An sa na dafa Alƙur'ani. Ko yanka ni za ka yi ba zan faɗa ba."

"To riƙe rantsuwarka. Kai ka ɗora kunamar nan a bindigar nan?"

Lado ya karɓa ya jujjuya, ya yi tsaki. Tsoro daban, a jingina masa ɗanyen aiki daban.

"Ni? Allah ya kiyaye. Wannan aikin ɗan koyo ne. Dubi nan, bai toshe baya ba. Duk wanda ya harba ta, wuta ta feso masa a hannu."

"Kunamar fa? Yadda ka ƙera ta take?"

Lado ya buɗe bindigar ya nuna ba komai a ciki, ya ɗana ta, ya miƙa wa Sufeto. Yatsan Sufeto bai gama sauka kan ƙarfen ba ta ce ƙyas.

"Bara Yahuza ya zo a ɓoye," in ji Lado. "Hannun ya fara mutuwa, ba ya iya ja. Na goge ta da magagari har ta zama haka. Ya roƙe ni kada kowa ya ji. In mafarauta suka san hannunka ya gaza, sun daina kiranka daji, sai dai ka zauna gida ana kawo maka ƙafar gada."

Sufeto ya jinjina kai. Kunamar bindigar toka tauri gare ta, don haka kowane maharbi kan ɗora yatsa a kanta yana hira, ba abin da zai faru. Sai dai a kan wannan.

Suka isa Tungar Baushe gab da azahar. Sufeto ya aika a kira Indo da mutanenta, ya bar Yahuza a mota tare da kurtu biyu, shi kuma ya zauna kan dakalin masallaci. Masu wucewa na watsa masa harara, yana mayar musu.

Aka kira salla. Maza suka jeru da butoci. Sufeto ya bi hannuwansu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Jumare ya tsuguna a ƙarshen layi, ya wanke hagu, ya shafa ruwa a kan tsumman dama.

Sufeto ya bari aka idar, shi ma ya bi sahu. Ana fitowa ya tare ƙofa.

"Sarkin Baka, me ya sami hannun?"

"Salansar babur ce ta ƙone ni."

"Kwance mu gani."

"A gaban mutanena za ka tozarta ni? Ka san ko ni waye?"

"Na sani. Kai ne ka kawo mini buhun ƙusa."

Sajan Musa ya zazzage buhu ɗaya a ƙofar masallacin. Mafarauta suka yi ca a kai, kowa na neman tasa. Wani ya ja kunama ta fita a hannunsa.

"To sai me?" in ji Jumare da ƙarfi. "Bindiga aka ce a kawo, na kai bindiga. Ba wanda ya ce kunama. Da in bari gwamnati ta narkar da dukiya a banza, ai gara a amfana."

"Wa ya amfana?" wani maharbi ya tambaya daga baya. "Mu dai ba mu gani ba."

"Wannan alƙali zai raba ku," in ji Sufeto. "Ni hannu na ce a kwance."

Jumare ya ja da baya, amma bayansa mutanensa ne, kuma ba wanda ya matsa masa. Sajan Musa ya kama hannun ya warware tsumman.

Tsakanin babban yatsa da na nuni fata ta saluɓe. Kewaye da ƙunar, har zuwa wuyan hannu, ɗigo-ɗigon baƙin albarushi ne ya nutse cikin fata. Babu maharbin da ke wurin da bai san wannan tabon ba.

Sufeto ya yi wa kurtu alama, aka fito da Yahuza.

Jumare ya zauna daɓas a ƙasa, girman duk ya zube.

"Ba da niyya ba ne," ya ce. "Yaron ya kawo rago, ya ce sai ya ga tana tashi. Na ɗura mata, na ɗana, ina nuna masa. Yatsa kawai na ɗora, wallahi ban ja ba."

"Sannan ka bar ta kusa da gawar," in ji Sufeto.

Jumare ya kau da kai.

"Ka iya ɗauke ta, ka iya jefa ta rijiya. Me ya sa ka bar ta?"

"Na san za a gane kunamar."

"Wa ya kai mutane gidan Yahuza?"

"Ni ne."

Indo ba ta yi kuka ba. Ta tofar da yawu a gabansa, ta juya. Sufeto ya shiga tsakanin Jumare da sandunan Fulani, ya ce duk wanda ya ɗaga hannu shi ma yau ya zama mai laifi. Bai ji daɗin kare mutumin ba ko kaɗan, amma aikinsa ke nan.

Sajan Musa ya garƙama wa Sarkin Baka ankwa. Sai a lokacin Jumare ya ɗago ya dubi Yahuza.

"Me ya sa ba ka gaya mini an tausasa ta ba?"

"Ba ka gaya mini za ka sayar ba."

"Yahuza, ka tuna ranar da bindiga ta fashe maka a hannu. Wa ya goya ka daga daji har gida? Ka sa baki, don Allah."

Yahuza ya zaro hannun daga cikin riga, ya ɗaga shi a gaban kowa. Yana rawa, bai kuma ɓoye ba.

"Na tuna, Sarkin Baka. Don haka da ka ce a kawo, ni na fara kawowa. Ran nan yatsa ɗaya na rasa, ka goya ni kana kuka. Jiya wuyana ka miƙa musu, kai ka riƙe igiyar."

Aka tura Jumare cikin mota. Ba wanda ya raka shi ko da taku ɗaya.

Sufeto ya ce wa Yahuza ya tafi gida, za a neme shi ranar kotu. Tsohon bai nufi gida ba. Ya bi bayan Indo a hankali, ya tafi yi mata gaisuwar ɗanta.