Tekun da ke Gindin Rijiyar Na'Allah

Saura kaɗan a kira magariba Safiyyatu ta iso bayan garin Jabo, da guduma da 'yan ledoji a hannu. Gobe za a cike tsohuwar rijiyar. In ba ta ɗebo dutsen yau ba, shi ke nan.

Mahaifinta Na'Allah ne ya haƙa ta. Shekara goma sha huɗu ke nan, ya fito wata rana yana rantsuwa ya ji ƙugin teku a ƙasa. Gari ya yi ta dariya, aka ce kansa ya taɓu. Kashegari ya koma ciki, gefen rijiyar ya rufta da shi, ko hularsa ba a gani ba.

Sai a jami'a ta ji cewa teku ya taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato. Ya bar 'yan mitsi-mitsin bawon halittun ruwa cikin farin dutse, ba su kai ƙwayar gero ba, kowane iri da zamaninsa. A wanke dutsen, a tace, a duba a madubin bincike, sai su faɗi shekarunsa. Burinta ta rubuta a takarda cewa rijiyar Na'Allah ta taɓo gindin teku. Masu dariya su karanta.

Baffa Ɗanmaliki, ƙanen mahaifinta, shi ma tsohon mahaƙi, ya ɗaura mata igiya a ƙugu.

"Taurin kan ubanki kika ɗauko kaf," ya ce. "Boko bai rage komi ba."

"Minti goma kawai, Baffa."

"Saurara, ɗiyata. Cikin rijiya ba a amsa kira. Ni igiya nika ja, ba ni kiran suna. Kin ce teku ya tashi. To, masu shi ba su tashi ba."

Ta sauka. Jar ƙasa. Yumɓu. Sai farin dutse, a zurfin gaba goma sha biyu. Rijiyar a bushe take, sai warin kashin jemage. Ta haska tocila, ta ɓantari dunƙule guda, ta ƙulle a leda.

Warin ya sauya.

Gishiri. Da ƙarnin kifi.

Ba ta taɓa ganin teku ba, amma da ta ji wani ƙugi ya taso, ta gane shi. Ya zo. Ya koma. Ya sake zuwa, a bayan dutsen.

"Innata."

Gudumar ta suɓuce. Sunan mahaifiyar babanta ta ci, kuma duk duniya mutum ɗaya ke kiranta haka.

Ta cije leɓe.

"Innata, kin girma. Kin ji shi, ko? Ashe ban yi ƙarya ba?"

Shekara goma sha huɗu tana jiran wannan muryar.

"Na'am, Baba."

Tocila ta mutu.

Ruwa ya taɓa idon sawunta, sanyi kamar ƙanƙara. Gwiwa. Ƙugu.

Hannuwa suka kama zanenta. Masu santsi. Da yawa.

Igiya ta miƙe. Can sama Baffa yana ja, yana ta salati. Amma Safiyyatu ba ta ɗagu ba.

Ruwa ya kai wuya.

Sai wani tafin hannu ya shigo ƙarƙashin ƙafarta. Mai kaushi, mai kanta. Tafin mahaifinta, wanda ke ɗaga ta ta tsinko mangwaro tana yarinya.

Wata murya, a gajiye, dab da kunnenta: "Ba ni na kira ki ba. Hau."

Ya tura.

Baffa ya jawo ta bakin rijiya tafukansa na jini. Ya leƙa da fitilar waya. Ƙasa a bushe ƙamas. Amma kafin a idar da magariba, gishiri ya yi fari a jikin zanenta.

Aka cike rijiyar da safe.

Bayan mako biyu ta fasa dunƙulen a ɗakin bincike. Bawon suna nan, dubbai, irin na shekara miliyoyi. Hujjar da take nema ke nan.

A tsakiyar dutsen, inda ko tsaga babu, akwai ƙwayar dutsen ado shuɗiya guda. Ta abin hannunta ce na yarinta. Da ya tsinke, mahaifinta ya tsinci ɗaya ya rataya a wuyansa. 'Yan bawon sun manne mata ta ko'ina.

Malaminta ya tsaya a kanta. "To, Safiyyatu, shekara nawa?"

Ta daɗe tana duban madubin, har gilashin ya jiƙe da hawaye.

"Goma sha huɗu," ta ce.